Katin asibitin da nake ɓoyewa

Na baro Maraɗi a shekarar 2019, kawuna ya ɗauke ni aiki a rumfarsa ta albasa da ke kasuwar Mile 12 a Legas. Canjin sefa zuwa naira bai ba ni wuya ba, Yarbancin ciniki ma na tsinta a hankali. Abin da ya fi ƙarfina tare da shi na ƙetaro iyaka.

Baƙo a Legas amana ce jarinsa. Tawa kuwa mantuwa ce ke cinye ta.

Wata ranar Talata kawu ya ba ni takardar lissafin buhu 40 in kai wa wani dillali a Agege. Na hau danfo, motar hayar Legas. Kwandasta na ihu, mai tallan magani na zuba, hankalina ya bi wannan ya bi wancan, har na sauka ban tuna da takardar da na ajiye a gefen kujera ba. Da na dawo kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kallona ya yi a gaban yaran rumfa, ya ce, "Ɗana, anya ba sammu aka yi maka ba?" Daren nan na juya fuskata jikin bango, na yi kukan da ban bari abokan ɗakina sun ji ba.

Tun ina lakwal haka nake. A makarantar allo na sha dorina don na kasa zama wuri ɗaya. Shashasha, malalaci, duk an kira ni, har na yarda ni ɗin ne.

A asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba likita ya saurare ni, ya yi ta tambayata labarin ƙuruciyata. Ya ce ADHD ne, matsalar tattara hankali da rashin natsuwa, alamunta kan bayyana kafin shekara 12, kuma takan bi mutum har girma. Ya ce ba hauka ba ne. Sai dai a garin nan da an ji an ce Yaba, hauka ake nufi, to wa zan iya faɗa wa inda na je?

Yanzu ina shan magani, kowane aike ina rubuta shi a ɗan littafi, wayata na yi mini ƙararrawa. Kawu ya ce addu'a ta ci, na ce alhamdulillahi.

Jiya Inna ta kira daga Maraɗi. Katin asibitin na cikin aljihuna, hannuna a kansa. Ta ce, "Babu dai abin da ke damunka ko?" Na ce, "Babu komai, Inna."