Godiya ga bawan Allah da ya tsinci katin Baba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, katin shaidar mahaifinmu da ya ɓace ya dawo hannunsa lafiya lau. A madadin Baba da mu 'ya'yansa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, musamman direban da ya tsince shi. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, kuma zan cika masa wannan alkawari.

Katin ya zame daga aljihun Baba a cikin motar haya, ya shige ƙarƙashin kujera, ga shi kuma ana gab da tantance 'yan fansho, inda ba a sauraron kowa sai da katin a hannu. Wanda ya taɓa neman sabo ya san hidimar: a kai rahoto wajen 'yan sanda, a cika takardu, a yi ta jira. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya wannan zirga-zirga ba. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma mun gan shi yana ta zazzage aljihun riga ɗaya, ya ajiye, can an jima ya sake ɗauka.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda wannan bawan Allah ya bi wajen neman mu. Katin shaida ba ya ɗauke da lambar waya, don haka dole ya yi cigiya. Kafin ya ɗauki hoton katin, sai ya yanki 'yar takarda ya rufe lambar katin da ranar haihuwa da sa hannu, ya bar suna da fuska kawai. Bayan katin kuwa bai ɗauka ba sam. Da yawa daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, mukan watsa hoton kati gaba ɗaya a Facebook ko WhatsApp, alhali da waɗannan bayanai ne 'yan damfara suke ƙoƙarin buɗe asusu ko yin rajistar layi ko cin bashi da sunan mutum. Shi ya yi wa Baba wannan tunani tun bai san shi ba.

Wata 'yar'uwarmu ce ta ga cigiyar ta turo mini. Da na kira shi, sai ya ce: "Malam, kada ka ga laifina, faɗa mini ranar haihuwar mai katin da lambobi huɗu na ƙarshe." Ashe wani ya riga ni kira ya ce katin kawunsa ne, da aka yi masa wannan tambaya sai ya kashe waya. Allah kaɗai ya san abin da ya so yi da shi. Mun yi sa'a akwai kwafin katin a cikin takardun Baba, na karanto masa, sannan ya ce duk da haka yana so ya ga mai katin ido da ido, a wurin da jama'a suke.

Ya bar aikinsa ya zo a daidai lokacin da ake samun fasinja. Ya rusuna ya gaida Baba, ya dubi hoton, ya dubi fuskarsa, sannan ya zaro katin daga cikin ambulan da ya adana shi ya miƙa da hannu biyu. Mun yi mun yi ya karɓi tukuici, ya ƙi. Ya ce shi ma yana da uba. Baba ya riƙe hannunsa ya ce: "Ɗana, yadda ka rufa mini asiri, Allah ya rufa maka naka duniya da lahira." An kuwa tantance Baba a kan lokaci.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya tsare ka a kan hanya, ya yi wa sana'arka da zuri'arka albarka. 'Yan'uwa da abokan arziki da kuka yaɗa cigiyar, kuka kira, kuka yi addu'a, mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Roƙonmu ɗaya: duk wanda hoton katin yake wayarsa ko shafinsa, don Allah ya taimaka ya goge shi, ya kuma sanar da waɗanda ya tura wa cewa an samu mai shi.