Tari ɗaya, alwala ta warware

Bayan haihuwata ta shida abin ya fara. In na yi tari ko atishawa, ko na ɗaga bokitin ruwa, sai fitsari ya ɗiso. Salla ce ta fi ci mini rai, ina sunkuyawa ruku'u sai in ji ɗumi. Shekara huɗu ina ƙunzugu kamar mai haila, ko maigida ban faɗa wa ba, don tsoron kada a ce yoyon fitsari gare ni.

Ranar da na daure na je asibiti, likitar mata ta bari marata ta cika, ta ce in yi tari tana kallo. "Hajiya, mafitsararki ba ta huje ba," in ji ta. "Naman da ke tallafe da bututun fitsari ne ya saki." Ta sa ni atisayen matse gaba wata uku. Ya ragu, amma bai tsaya ba.

Da muka zo maganar aikin tiyata, ban ɗauka akwai zaɓi ba. Ashe tun 1996 wani likitan Suwidin, Ulf Ulmsten, ya fito da zirin raga na roba da ake sakawa ƙarƙashin bututun. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, mata da yawa sun warke da shi. Amma wasu ragar ta ci musu nama, ciwo ya ƙi tafiya, har Ingila ta dakatar da shi a 2018. Shi ya sa likitoci da dama suka koma tsohon hannu: ɗinkin Burch na 1961, wanda ake ɗaga wuyan mafitsara da zare, ko a yanko tantanin da ke lulluɓe da naman cikin mace, a yi wa bututun majanyi da shi.

Majanyin jikina na zaɓa, kuma da sanina na zaɓa, don sai da na tambayi wahalar kowanne. Nasa yankan ya fi girma, jinya ta fi tsawo. Na yi kwanaki da robar fitsari, da aka cire kuma fitsarin yana fita a hankali, sai na zauna na natsu. An ce kada in ɗaga nauyi sati shida. A sati na uku na ɗauki jikana, zafin da na ji ya mayar da ni asibiti. Allah ya taimake ni ɗinkin bai saki ba, daga nan na bar wa 'yata aikin gida.

Azumin da ya biyo baya, da alwala ɗaya na yi isha'i da asham.