Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Littafin Ƙungiya

A makon jiya na tsaya inda na bar koyarwa na dawo ƙauyenmu kusa da Argungu, daga ni sai tsohon kekena. To, ban yi wata guda ba Kawu ya aiko a kira ni.

"Ɗan nan, tunda Allah ya ba ka boko, kai za ka riƙe mana littafi."

Ban yi musu ba. Wa ya isa ya yi wa Kawu musu? Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi ba, wanda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Nuwamba na 2015. Babban Bankin Najeriya ke ba da lamunin, amma sai kana cikin ƙungiya. A ba ka iri da taki da maganin feshi, ka biya da shanshera bayan girbi.

Ranar da muka je dangwala yatsa a banki ba zan manta ta ba. Na'ura ta ƙi karɓar babban yatsan Kawu, fartanya ta cinye zanen tas. Ya lasa, ya goga a riga, ya sake ɗorawa, shiru. Sai a karo na bakwai ta amsa. Ya juyo ya ce mini, "Ka ga ko ƙarfe bai san manomi ba."

A wajen taro kuwa kuka ɗaya ne kullum: shinkafar waje da ake fasa-ƙwaurinta ta iyakar Benin da Nijar tana karya mana farashi. Ni ke rubutawa, in kai ƙaramar hukuma, daga nan jiha, har ya isa ga shugabannin RIFAN, ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙasa, a Abuja, su da ke zama da masu mulki. Gaskiya na ɗauka aikin baban giwa muke yi.

Kwatsam a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakoki. Ba zan ce takarduna ne suka rufe su ba, amma ranar Kawu ya yanka zakara. Buhu ya yi daraja, 'yan kasuwa na bin mu har bakin fadama. Ƙanwata da ke aure a Sakkwato kuwa ta bugo waya tana faɗa: "Yaya, ku kuna murna, mu kwanon shinkafa ya gagare mu!" Na rasa abin ce mata.

Muna cikin wannan daɗin damina ta 2020 ta zo, gulbi ya cika ya batse, ga bashi a wuyanmu, ga sunayen mutane a littafina. Mu haɗu mako mai zuwa.