Alkama biyu nake nomawa

Bayan abin da ya faru da mu a 2024, lokacin da kowane matashi a ƙauyenmu ya sunkuya yana danna waya dare da rana a wani wasan Telegram, ƙarshe aka ba mu abin da bai kai kuɗin data ba, na yi alkawarin na bar harkar. Wani abokina da ke karatu a Dutse ne ya nuna mini Sunflower Land, wani wasan noma na intanet, ya ce gona ce kawai, in gwada.

Abin da ya fara kama ni shi ne wasan ba ya neman yatsana. Kowace shuka tana da lokacinta: dankali minti 5, kabewa minti 30, karas awa 1, kabeji awa 2, alkama kuma awa 24 cif. Ko ka danna sau dubu ba za ta nuna kafin lokacinta ba. Mu da muke noman rani a fadamar Auyo, muna shuka alkama a watan Nuwamba mu jira har wajen Maris, ba sai an koya mana wannan ba.

Sai na tsara ta da rayuwata. Bayan sallar asuba in girbe, in shuka masu daɗewa, in kai wayar wurin mai caji, in tafi ban ruwa. Da magariba in hau tudun bayan makaranta inda sabis ya fi ƙarfi, in sari itace a cikin wasan in saka wata shukar. Gatarin ma ƙarewa yake yi, sai ka sake haɗa wani, don haka dole ka yi lissafi kafin ka kashe abin da ke rumbu. Wannan lissafin nake so, wallahi, fiye da komai a wasan.

Kuskurena babba ɗaya ne. Kayan da na mallaka suna ɗaure da walat ɗina, wato asusun ajiyar kuɗin kirifto, a kan bulokcen (kundin intanet da ke riƙe bayanan mallaka) na Polygon, mabuɗin walat ɗin kuma kalmomi 12 ne na sirri. Ni kuwa hotonsu kawai na ɗauka a waya. Ranar da wayar ta faɗa magudanar ruwa, gonar wata uku ta tafi tare da ita. Na sake farawa daga tushe, kalmomin yanzu suna rubuce a takarda cikin akwatin Inna.

Maganar kuɗi kuwa, kada wani ya ruɗe ku. Abin da na taɓa cirewa bai sayi buhun taki ba, farashin kuɗin kirifto na wasan kuma yana hawa yana sauka.

Rannan Baba ya leƙo ya ga ina girbi a waya, ya ce, “Kai, wannan alkamar taka tana yin taliya kuwa?” Na ce, “A'a Baba, amma tsuntsu ba ya cin ta.” Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni ko a can ma ana sayen fetur na injin ban ruwa.