Kafin ka sayi tsohuwar na'urar awon ƙasa, kuma kafin ka goge ta

Babbar ɓarnar da ake yi wa tsofaffin kayan safiyo daga man goge tagulla take fitowa. Maƙeran ƙarni na 19 sukan rufe tagullar da wani siririn shafe mai launin zinare don hana ta dusashewa. Da zarar an murje shi, ya tafi ke nan, kuma darajar na'urar ta faɗi. Abin ya fi muni a kan da'irar digiri, wato faifan da ake karanta kusurwa a kansa, domin sau da yawa azurfa ce 'yar siririya aka zana layukan a kanta, shafa kaɗan sai su shuɗe. Burushi mai laushi da busasshen ƙyalle sun isa. Idan ana son kariya, a shafa kaki irin na gidajen tarihi, kamar Renaissance Wax, kaɗan-kaɗan.

Mai farawa ya fara da sarƙar awo, don ita ce ba ta da wuyar tantancewa. Sarƙar da Edmund Gunter ya fito da ita a Ingila a 1620 tsawonta ƙafa 66 ne, wato mita 20.12, da gaɓoɓi 100, kowace gaɓa inci 7.92. Sarƙa 80 mil ɗaya ke nan. A kowace gaɓa ta goma akwai 'yar alamar tagulla a rataye. Ƙirga gaɓoɓin, duba alamomin, sannan ka miƙe ta ka auna. Wadda ta sha aiki takan ɗan ƙara tsawo saboda zobban sun cinye ko sun buɗe. Wannan ba aibi ba ne, shaidar aiki ce. Idan kuwa ta kai ƙafa 100, ta injiniyoyi ce, ba ta Gunter ba.

Tiyodolait kuwa, wato na'urar auna kusurwa mai madubin hangen nesa, sai an natsu. Leƙa cikin madubin hangen nesa: layukan nan biyu da suka gicciya, a tsofaffin na'urori zaren gizo-gizo ne na gaske, don haka kada a hura iska ko a tura tsinke ciki. Haska tocila ta gilashin. Farin abu mai rassa fumfuna ce, tana cin gilashi idan ta daɗe. Rawaya-rawaya a gefe kuma alama ce ƙaron da ya manne gilasai biyu da aka haɗa suka zama ɗaya ya fara saki. Sai kwalbar daidaito, mai ruwa da kumfa a ciki da ke nuna ko na'urar ta zauna daidai: kawo kumfar tsakiya, juya na'urar digiri 180. Idan kumfar ta goce, saiti ne kawai, ana gyarawa. Idan ta yi tsawo fiye da kima, ruwan ciki ne ke tsiyayewa. Sukurun da ya cije kada a tilasta masa, domin zaren sukurorin wancan zamanin ba lallai ya yi daidai da na yanzu ba, samun madadi sai an ƙera. Ɗigon man agogo da haƙuri sun fi filaya.

Jabu sun yi yawa, musamman ƙananan kamfas masu ƙyalli da aka rubuta wa "Stanley London". Na gaske daga kamfanoni irin su Troughton & Simms na Landan ko W. & L. E. Gurley na Troy a jihar New York, rubutunsu zanen hannu ne mai tsafta, layukan digirinsu sirara kuma daidai wa daida. Ya kamata lambar jikin na'ura ta dace da ta akwatinta idan akwai.

Wajen ajiya, a ɗaga allurar kamfas da makullinta don kada tsinin da take zaune a kai ya dakushe. A raba madaurin fata da tagulla, shi ke jawo koriyar tsatsa. Danshin ɗaki kuma kada ya wuce kashi 50 cikin 100.