PM ɗin nan ba ƙaramar kunya ta ba ni ba

Satina na farko a sabon wajen aiki oga ya turo min saƙo, wai "ka tura wa PM fayil ɗin nan kafin 12 PM". Na zauna ina ta kallon waya. Ni dai PM ɗin da na sani a labarai Firayim Minista ne, irin na Birtaniya ko Indiya, to ina ni ina Firayim Minista? Kuma girman kai ya hana ni tambaya, kar a ce sabon zuwa bai san komai ba. Sai da na ji wata abokiyar aiki na cewa PM na kiranta sannan na gane ashe manajan da ke kula da aikin ake nufi, mutumin ma teburinsa na bayan nawa.

Wannan ma da sauƙi, PM ta biyun, ta jikin 12 PM, ita ce ta kayar da ni. A kaina AM safiya ce PM dare, sai na ɗauka sha biyun dare ake nufi, na miƙe ƙafa abuna na ce ai da sauran lokaci. Ƙarfe ɗaya saura na rana sai ga oga a kaina, "Malam ina fayil?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na bincika daga baya ashe PM ɗin agogo daga Latin take, post meridiem, wato bayan tsakar rana, kuma a waya da kwamfuta 12 PM tsakar rana ce, 12 AM kuma tsakar dare. Ni fa har yau abun bai kwanta min ba, ta yaya tsakar rana za ta zama bayan kanta? Shi ya sa yanzu ko dai in rubuta 12:00 da 00:00 ko in ce sha biyun rana kawai kowa ya huta.

Tun daga nan na fara lura da ita ko'ina. A Facebook in aka ce yi min PM, saƙon sirri ake so. Abokina likita kuwa da ya ce yana wajen PM har na ce ya gaishe shi, ya yi ta dariya, su a wajensu binciken gawa ne don gano musabbabin mutuwa. A manhajar yanayi akwai PM2.5, ƙurar iska mai ƙanƙanta da ba ta wuce maikiromita 2.5 ba, wadda ke shiga can cikin huhu. 'Yan kimiyya ma suna da Pm, wato promethium, sinadari na 61 a jadawalin sinadarai.

Yanzu kam kafin in fassara sai na duba wa ya rubuto da kuma sana'arsa, in ban gane ba in tambaya a take. Jiya ma na ga sabon yaron da aka ɗauka ya ƙura wa wayarsa ido, ban ce masa komai ba, teburin bayana kawai na nuna masa.