Saƙon godiya bayan dawowarmu daga Walili

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, ni da Baba mun iso gida lafiya, ƙafarsa kuma ta fara saki. Kiran waya da saƙonni sun yi yawa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Kamar yadda wasunku suka sani, ziyarar zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani ce ta kai mu Fas a Maroko. Da muka kammala, Baba ya kafe sai ya ga Walili, tsohon birnin Rumawa da ake kira Volubilis, domin a can Maulaya Idris, wanda ya kafa daular Idrisawa a Maroko, ya sauka a shekarar 788 Miladiyya bayan ya tsere wa Abbasiyawa. Masu kai baƙi yawon buɗe ido suka yanka mana kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka bi hanyar kowa da kowa: jirgin ƙasa zuwa Miknas, daga nan tasi mai ɗaukar mutum shida, wadda ba ta tashi sai ta cika kamar motocin tashoshinmu, zuwa garin Maulaya Idris da ke kan dutsen Zarhun. Daga can kufan ba nisa.

Godiyata ta farko ga ɗalibin nan ɗan Damagaram da ya bar karatunsa ya raka mu. Larabcin Baba na littafi ne, idan ya yi magana direbobi sai su yi ta murmushi suna gyaɗa kai, shi kuma nasu ko kalma ba ya tsinta. Yaron nan ne bakinmu da kunnenmu. Allah ya ba ka ilimi mai amfani.

Wurin ya cancanci wahalar. Ga babbar ƙofar da aka gina a shekarar 217 don girmama sarkin Rumawa Karakalla, shekarar da aka kashe shi kuwa. Ga daɓen gidajen attajirai da aka yi wa zane da 'yan ƙananan duwatsu masu launi, kifaye da giwaye da mutane, suna nan a fili rana na dukansu. Shamuwa ta yi sheƙa a kan ginshiƙai. Amma Baba, da yake tsohon ɗan kasuwa ne, a wurin matsar man zaitun ya fi daɗewa, yana shafa dutsen niƙan da 'yar kwatar da mai ke bi. "Ka ga arzikin garin nan," in ji shi, "sauran duk ado ne." Rumawa sun saki birnin wajen shekarar 285, mutane suka ci gaba da zama ƙarni da yawa. Daga baya sarkin Maroko Maulaya Isma'il ya kwashi duwatsunsa don gina Miknas, girgizar ƙasa ta 1755 ta kayar da yawancin abin da ya rage a tsaye. Ni dai kwasar duwatsun ta fi ba ni takaici, girgizar ƙasa ikon Allah ce.

A kan shimfiɗaɗɗun duwatsun babban titin birnin ne Baba ya zame ya yi targaɗe. Nan da nan idon sawu ya kumbura, takalmi ya ƙi shiga, ga la'asar ta yi, ga babu inuwa.

Mai gadin da ya kama shi a kafaɗa har bakin ƙofa, ya kawo kujerarsa da ruwa, Allah ya saka masa. Haka manomin da ya tsayar da akori-kurarsa ya kai mu tasha, ya ƙi karɓar ko dirhami. A tasha kuma saura kujera ɗaya tasi ta cika, muna ta jira, sai wata dattijuwa mai kwandon kayan miya ta kwance bakin gyalenta ta biya kuɗin kujerar, ta ce a tashi, Alhaji ya samu wurin miƙe ƙafa. Na yi na yi in mayar mata, ta harare ni. Ko sunanta ban samu ba. Baba ya sa ta a addu'arsa ta bayan Asuba, ina roƙon ku ma ku sa ta.

Ina godiya ga mai kyamis na Miknas da ya ɗaure ƙafar, da abokan ziyara da suka yi ta ɗaukar mana jaka har filin jirgi, da Yaya Babba da ta riƙe gida ta kuma ɓoye wa Inna labarin sai da muka sauka. Allah ya bar zumunci.

Masu son zuwa dubiya, likita ya ce Baba ya rage zirga-zirga, don haka yana zaure kullum bayan la'asar. Sai dai ku zo da lokaci a hannu, don sai kun ji labarin matsar man zaitun daga farko.